Gidan kula da tsofaffi a Ingila: Kyan gini ba shi ne kyan jinya ba

A shekarar 2009 aka buɗe wani gidan kula da tsofaffi mai suna Orchid View a ƙauyen Copthorne da ke yankin West Sussex a kudancin Ingila. Sabon gini ne fil, kuma a 2010 hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan gidaje ta ba shi shaidar cewa mai kyau ne.

Shekara biyu kacal ya yi aka rufe shi, a watan Oktoban 2011. A 2013, bayan sauraron shaidu kan rasuwar mutum 19 daga cikin mazauna gidan, mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa sakaci na da hannu a mutuwar biyar daga cikinsu. An gano ana ba tsofaffi magani ba bisa ƙa'ida ba, ana barin su cikin fitsari da bayan gida, suna neman taimako babu mai zuwa, saboda ma'aikata sun yi kaɗan.

Iyalan da suka kai iyayensu can sun duba abin da kowa ke dubawa, wato gini da tsafta da takardar hukuma. Abin da ya ɓoye musu shi ne yawan hannuwan da ke aiki a gidan, da abin da ke faruwa bayan baƙi sun watse.

Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta Birtaniya na 2022 zuwa 2023 sun nuna mutum kusan 370,000 ne ke zaune a gidajen kula da manya a Ingila kaɗai. Iyalan 'yan Najeriya da suka daɗe a Landan da Manchester da Birmingham su ma sun fara cin karo da wannan shawara, duk da cewa a gida Najeriya abin kunya ne a ce an kai uwa ko uba gidan tsofaffi.

Sai dai zaman can daban ne. Gidaje ƙanana ne, miji da mata duk suna fita aiki, babu dangi a kusa da za a riƙa karɓa-karɓa. Idan tsohuwa ta samu shanyewar ɓarin jiki har sai mutum biyu sun ɗaga ta, ko tsoho ya fara buɗe ƙofa ya fice da tsakar dare cikin sanyi bai san inda za shi ba, jinyar kan fi ƙarfin gida komai son da ake musu.

Fara da sanin irin gidan da ake buƙata

Gidajen iri biyu ne. Akwai wanda aikinsa taimaka wa mutum da wanka da sa tufafi da cin abinci da shan magani. Akwai kuma gidan jinya, wanda yake da ƙwararriyar nas mai rajista dare da rana. Mai babban gyambo, ko wanda ake ciyarwa ta roba, ko mai ciwon da ke buƙatar sa ido kullum, na biyun ne wurinsa, kuma ya fi tsada.

Ba sai iyali sun yi ƙiyasi da kansu ba. Dokar kula da manya ta 2014 ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta tantance buƙatar duk wanda aka ga alamar yana neman kulawa, kyauta, ko mai kuɗi ne ko talaka. Wani lokaci tantancewar kan nuna cewa masu zuwa gida safe da yamma sun wadatar, ba sai an raba mutum da ɗakinsa ba.

Sau da yawa ana yanke shawarar ce a gurguje, tsoho yana gadon asibiti, asibitin kuma yana neman gadonsa. A irin wannan hali akwai kulawar wucin gadi ta farfaɗowa da ake bayarwa kyauta har zuwa mako shida. Iyali su tambaya ko majinyacinsu ya cancanta, domin ta ba su sararin zagayawa su duba gidaje a tsanake.

Makin hukuma mafari ne kawai

Hukumar Care Quality Commission, wadda aka fi sani da CQC, ita ke yi wa gidajen rajista da bincike a Ingila tun 2009. Scotland da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da tata hukumar.

CQC na ba gida ɗaya daga cikin maki huɗu: fitacce, mai kyau, mai buƙatar gyara, ko wanda ya gaza. Tana auna abu biyar kafin ta bayar: kariya daga cutarwa, ingancin kulawa, tausayin ma'aikata, biyan buƙatar kowane mazauni, da nagartar shugabanci. Doka ta tilasta wa kowane gida ya kafa makinsa inda za a gani, a ginin da kuma shafinsa na intanet. Cikakken rahoton yana shafin hukumar, ana karanta shi a waya kyauta.

Abu na farko da za ka duba a rahoton shi ne kwanan wata. A 2024 wani bincike da Dakta Penny Dash ta jagoranta ya gano manyan kurakurai a aikin hukumar kanta. Kusan wuri ɗaya cikin biyar da take da ikon bincika ba a taɓa ba shi maki ba, wasu kuma an shekara da shekaru ba a koma an duba su ba. Sakataren lafiya Wes Streeting ya fito fili a lokacin ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa.

Ke nan gidan da aka ce mai kyau ne shekara biyar da suka wuce, ta yiwu tun daga lokacin ya sauya mai shi, ya sauya manaja, rabin ma'aikatansa sun tafi. Makin yana da amfani wajen cire gidajen da suka gaza daga lissafi. Zaɓe tsakanin sauran kuwa sai an taka da ƙafa, gani ya kori ji.

Ƙirga hannuwa, musamman na dare

Dokar Ingila ba ta ƙayyade ma'aikaci nawa za su kula da tsofaffi nawa ba. Abin da ta ce kawai shi ne a samu wadatattun ma'aikata ƙwararru. Saboda haka kai ne za ka tambaya, kuma ka nemi amsa da lamba.

Ma'aikata nawa ne a wannan ɓangare da rana, nawa ne da ƙarfe uku na dare? Nas nawa ce a ginin gaba ɗaya da daddare? Idan ma'aikata biyu ne ke kwana da tsofaffi 30, kuma su biyun suka shiga ɗaki guda don juya wanda ba ya motsi, wa zai amsa ƙararrawar sauran 29?

Tambaya ta biyu ita ce daɗewa. Ƙungiyar Skills for Care da ke bin diddigin ma'aikatan wannan fanni ta ƙirga guraben aiki 165,000 da babu kowa a kansu a Ingila a 2021 zuwa 2022, kuma kusan ma'aikaci ɗaya cikin huɗu kan bar aikinsa duk shekara. Wannan giɓi ne ya sa gwamnati ta buɗe bizar masu kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022, inda 'yan Indiya da Najeriya da Zimbabwe suka fi kowa amfana, kafin ta rufe ɗaukar sababbi daga waje a watan Yulin 2025.

Gidan da ba ya iya riƙe ma'aikata yakan cike gurbi da na haya daga kamfanoni. Ta yiwu ƙwararru ne, amma wadda ta zo aikin dare ɗaya ba ta san cewa Baba ba ya haɗiye ƙwaya sai da kunu ba, ba ta kuma san cewa shirun da Hajiya ta yi yau ba halinta ba ne. Tsofaffi da yawa ba sa iya faɗin abin da ke damunsu, sai wanda ya saba da su ne zai ga sauyin.

Haka nan manaja. Tambayi yaushe ta kama aiki, kuma mutum nawa suka riƙe kujerar a shekara uku da suka wuce. Gidan da ke sauya manaja kamar riga, ko wanda kujerar ta daɗe babu kowa, akwai abin da ke korar su.

Je sau biyu, na biyun ba sanarwa

Ziyarar farko ta alƙawari ce, za a nuna maka ɗaki mafi kyau da lambu da falo. Ta biyun ka je lokacin abincin rana, ko yammacin Lahadi da manyan jami'ai ba sa nan.

Zauna ka saurara. Idan ƙararrawa ta yi ƙara, duba agogo ka ga minti nawa za a ɗauka kafin a amsa. Lura ko ma'aikata na ƙwanƙwasa ƙofa kafin su shiga, ko suna kiran mutane da sunansu, ko kuwa hirarsu suke yi a kan tsohon kamar ba ya wurin.

A ɗakin cin abinci, mai ciyar da wanda ba ya iya ci da kansa ya kamata ta zauna kusa da shi, ta jira ya haɗiye. Wadda ke tsaye tana ɗura wa mutum uku a lokaci guda alama ce ta ƙarancin hannu. Duba kuma ko ana kwashe faranti da abinci a ciki ba wanda ya tambayi dalili.

Zarni a ɗaki guda abu ne da kan faru ko'ina. Zarnin da ya kama duk dogon baranda kuwa yana nufin ana daɗewa ba a sauya wa mutane ƙunzugu ba. Idan ka haɗu da wasu masu ziyara a bakin ƙofa, gaishe su ka tambaye su, sun fi kowace takarda sanin gidan.

Abubuwa uku da ke kashewa a ɓoye

Na farko gyambon kwanciya. Idan mutum ya daɗe kwance ko zaune wuri guda, nauyin jikinsa kan danne hanyoyin jini a inda ƙashi ya kusanci fata, kamar ƙasan baya da kwatangwalo da dunduniya. Cikin sa'o'i kaɗan fatar kan fara lalacewa, idan aka bari har ta zama rami mai kai wa ƙashi, ƙwayar cuta ta shiga jini.

Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce wanda ke cikin haɗarin wannan gyambo a sauya masa kwanciya aƙalla duk sa'a shida, wanda haɗarinsa ya yi yawa kuma duk sa'a huɗu. Tambayi yadda gidan ke rubuta wannan juyi, ko suna da katifar iska, da kuma mutum nawa suka samu gyambo a cikin gidan bara. Manaja ta gari ta san lambar, kuma ba za ta ji haushin tambayar ba.

Na biyu ƙarancin ruwa a jiki. Tsufa kan rage jin ƙishi, wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun neman a kai su banɗaki. Sakamakon shi ne ruɗewa da ciwon mafitsara da jiri da faɗuwa, faɗuwar tsoho kuwa sau da yawa karayar kwatangwalo ce. Duba ko kofin ruwa yana inda hannun mutum zai kai.

Na uku maganin kwantar da hankali. Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan kashi 70 cikin 100 na mazauna gidajen nan na da cutar mantuwa ko matsalar tunani mai tsanani. A 2009 rahoton Farfesa Sube Banerjee ga gwamnati ya ƙiyasta cewa ana ba masu cutar mantuwa 180,000 magungunan taɓin hankali, alhali 36,000 ne kawai ke amfana, kuma hakan na jawo ƙarin mutuwar mutum 1,800 a shekara.

Don haka idan ka shiga falo da hantsi ka tarar kusan kowa yana gyangyaɗi a kujera, kada ka ɗauka zaman lafiya ne. Tambayi me suke yi idan mai cutar mantuwa ya tayar da hankali, da kuma sau nawa likita ke sake duba magungunan kowa.

Harshe da abinci da ibada

Cutar mantuwa kan fara cinye abin da aka koya daga baya. Wanda ya yi shekara 40 yana aiki da Turanci zai iya wayar gari Hausa ko Fulatanci ko Yarabanci kawai ke fita bakinsa. Idan babu mai jin sa a gidan, ko ciwo yake ji ba zai iya faɗa ba, sai a rubuta cewa yana da rigima. Da yake 'yan Najeriya sun yi yawa a wannan aiki yanzu, ba laifi a tambaya ko akwai mai jin harshensa, kuma a wane lokaci yake aiki.

Ƙa'idojin CQC sun ce dole a yi la'akari da addini da al'adar mutum wajen abincinsa. Amma "muna da halal" kan iya zama kifi da ganye kullum. Nemi jadawalin abincin mako, ka tambayi inda suke sayen nama, da ko za a bari ka kawo tuwo da miyar kuka daga gida.

Tambayi ko mace za ta samu mace ta yi mata wanka ko da dare ne, ko za a taimaka wa mutum da alwala, ko limami ko fasto zai iya shigowa. Tambayi kuma abin da suke yi idan ajali ya matso: wa za su kira, a wane lokaci, kuma ko sun san ana gaggauta jana'izar Musulmi. A sa duk wannan a rubuce cikin takardar tsarin kulawa, kada a bar shi a alƙawarin baki.

Kuɗi: inda iyalai ke asarar gida

Mutane da yawa na zaton tunda asibitin NHS kyauta ne, gidan tsofaffi ma haka. A'a. Gidan jinya kan haura fam 1,000 a mako ga mai biya da kansa, wato sama da fam 50,000 a shekara.

A Ingila, wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi zai biya wa kansa gaba ɗaya. Wanda tasa ke tsakanin fam 14,250 da 23,250, ƙaramar hukuma na taimakawa, amma ana caje shi fam 1 a mako kan kowane fam 250 na tsakanin. Ƙasa da haka ba a taɓa ajiyarsa, sai dai fanshonsa zai tafi ga kuɗin gidan, a bar masa kimanin fam 30 a mako. Waɗannan iyakoki ba su sauya ba tun 2010, kuma shirin ƙayyade abin da mutum zai kashe a rayuwarsa zuwa fam 86,000 gwamnati ta soke shi a watan Yulin 2024.

Ana lissafa gidan da mutum ya mallaka cikin dukiyarsa, sai dai idan mijinta ko matarsa na zaune a ciki, ko ɗan uwa mai shekara 60 zuwa sama, ko mai naƙasa. Wanda sauran dukiyarsa ba ta kai iyakar ba, ba a lissafa masa gidan a mako 12 na farko. Akwai kuma yarjejeniyar jinkirta biya, inda ƙaramar hukuma ke biya bashi, ta karɓi kuɗinta ranar da aka sayar da gidan.

Kafin a biya ko sisi, a nemi a tantance mutum don shirin NHS Continuing Healthcare. Wanda aka tabbatar babbar buƙatarsa ta lafiya ce, NHS ke ɗaukar kuɗin duka ba tare da duba dukiyarsa ba. Samunsa da wuya, amma iyalai da dama ba su ma san da shi ba. Wanda bai samu ba kuma yana buƙatar nas, NHS na biyan gidan jinya sama da fam 200 a mako a madadinsa.

Hukumar kula da gasa a kasuwanni ta Birtaniya ta gano a 2017 cewa masu biya da kansu na biyan kusan kashi 41 cikin 100 fiye da abin da ƙananan hukumomi ke biya a gida ɗaya. Shi ya sa wata tambaya ta zama dole tun ranar farko: idan kuɗin Baba ya ƙare ya koma hannun ƙaramar hukuma, za ku riƙe shi a kan farashinta, ko za a ce iyali su riƙa cikawa, ko sai ya tashi? Ɗauke mai cutar mantuwa daga wurin da ya saba ba ƙaramar illa ba ce.

Karanta kwantiragi, ka san mai gidan

Duba yadda ake ƙara kuɗi duk shekara, da kwana nawa ake bayar da sanarwa. Duba abin da ba ya cikin farashi, kamar aski da yankan farce da rakiya zuwa asibiti. Duba kuɗin bayan rasuwa: jagorar da hukumar gasa ta fitar a 2018 ta ce cajin da aka ƙayyade kada ya wuce na kwana uku. Kada kuma ɗa ya sa hannu a matsayin mai lamuni sai ya fahimci cewa bashin na iya dawowa kansa.

Mai gidan ma abin bincike ne. Kamfanin Southern Cross, wanda shi ke da Orchid View, yana da gidaje kusan 750 da mazauna 31,000 lokacin da ya durƙushe a 2011. Gine-ginensa na haya ne, ya sayar da yawancinsu ya koma biyan kuɗin haya, hayar ta yi ta hauhawa har ta fi ƙarfinsa. Wani babban kamfanin, Four Seasons, shi ma bashi ya kai shi ƙasa a 2019.

Akwai kuma takardar da ake yi tun da sauran hankali. A dokar Ingila, zama ɗan fari bai ba ka ikon taɓa asusun mahaifinka ko yanke masa shawarar jinya ba. Sai ya wakilta ka ta takardar da ake kira Lasting Power of Attorney, ɗaya ta dukiya, ɗaya ta lafiya, a yi musu rajista. Idan aka bari har tunaninsa ya gushe, sai an bi ta kotu, hanya mai tsawo da tsada.

Kusa ya fi

Idan gida biyu suka yi kunnen doki, ɗauki wanda ya fi kusa da kai. Gidan da za ka leƙa bayan tashi daga aiki sau huɗu a mako ya fi na alfarma da sai an yi tafiyar sa'a biyu ranar hutu. Mai zuwa kullum shi ke ganin zoben da ya fara yi wa yatsa yawa, da jan tabo a dunduniya, da rigar wani a jikin mahaifiyarsa.

Tun 6 ga Afrilun 2024 ziyara ta shiga cikin ƙa'idojin da CQC ke tilastawa, bayan wahalar da iyalai suka sha lokacin korona. Gida ba shi da ikon hana ka ganin naka sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Gidaje da yawa kuma na karɓar mutum na mako ɗaya ko biyu a matsayin gwaji kafin a yanke shawarar dindindin.

Idan ka ga abin da bai yi maka ba, fara da manaja, a rubuce. Idan ba a gyara ba, akwai ofishin Local Government and Social Care Ombudsman mai sauraron ƙorafi kyauta, har daga masu biya da kansu. CQC ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya, amma tana karɓar bayani, kuma yakan sa ta aika masu bincike. Idan kuwa zargin duka ne ko sata ko sakaci mai haɗari, kira sashen kare manya na ƙaramar hukuma a ranar, ko 'yan sanda a lamba 999 idan rai na cikin haɗari.